Abincin saniya da tsamin madara: jagora ga masu tatsa a Damagaram

Madarar da aka tatsa da asuba a Mirya ko a bayan gari, aka kawo ta Zango ko Kasuwar Dole, aka ɗora ta a wuta sai ta tsinke. Mai saye zai ce an gauraya masa da ta jiya. Mai saniya zai rantse ta yau ce, daga nan sai zargi ya koma kan abinci: ai ƙasari mai tsami aka ba ta, ko kuma dusar ce ta kwana a jiƙe. Wannan zargin akwai gaskiya a cikinsa, amma ba ta hanyar da ake zato ba, kuma wanda bai gane hanyar ba zai yi ta canza abinci yana asarar kuɗi, madarar tana ci gaba da tsinkewa.

Tsamin abin da saniya ta ci ba ya ratsawa daga tumbi ya sauka cikin hantsa. Daga jini ake haɗa madara, jiki kuwa yana tsare jininsa a kusan 7.4 bisa pH, ma'aunin tsami wanda lambarsa ke sauka in tsami ya ƙaru, ko me dabba ta ci. Shi ya sa madarar lafiyayyar saniya take fitowa tsakanin 6.6 da 6.8, a damina ko a rani. Abinci yana taɓa madara ta wasu ƙofofi ne. Yana ƙara ko rage furotin da fosfor (sinadarin da ke gina ƙashi) da ke cikinta. Yana iya ɓata daidaiton sinadaranta har ta kasa jure wuta alhali ba ta yi tsami ba. Kuma yana iya sa saniya zawo, kashi ya ɓata hantsa, ƙwayoyin da ke tsamar da madara su samu hanyar shiga ƙwarya. Kowace ƙofa da maganinta.

Tsami iri biyu ne

Madarar da ta fito daga hantsa yanzu-yanzu ba ta da tsamin da harshe zai ji, amma in an gwada ta da sinadari za a samu tana da wani tsami na asali. Wannan daga furotin ɗinta yake, wanda ake kira kasein, da fosfat da sitrat da ƴar iskar da ke narke a ciki. A Nijar, kamar sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, da digirin Dornik ake auna shi. Digiri ɗaya daidai yake da kashi ɗaya cikin goma na giram na sinadarin tsamin nono a lita guda. Sabuwar madara mai kyau tana tsakanin digiri 14 da 18. Shanunmu na gida, Azawak da Bororo, madararsu tana da kauri, don haka ba abin mamaki ba ne a same ta a saman wannan iyaka, kuma wannan ba aibi ba ne. Madara mai furotin da yawa ce ke nuna hakan.

Na biyu shi ne tsamin da ke zuwa bayan tatsa, lokacin da ƙwayoyin bakteriya suka cinye sukarin madara suka mai da shi tsami. Shi ne muke nema in za mu yi kindirmo, shi ne kuma ke ɓata madarar sayarwa. Wannan aikin zafi ne da jinkiri da dauɗa. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Damagaram ke haura digiri 40, waɗannan ƙwayoyi suna iya ninka yawansu cikin minti 20 zuwa 30. Madara tana da wata kariya ta halitta da ke riƙe su na awa biyu zuwa uku bayan tatsa, daga nan sai su ɓalle. Idan tsami ya haura digiri 20, madara ta fara juyawa. Idan ya kai wajen 26, ana ɗora ta a wuta za ta tsinke.

Abinci yana motsa tsamin asali da digiri ɗaya ko biyu, wani lokaci uku. Awa huɗu a cikin bidon ɗin roba a rana yana iya motsa na biyun fiye da haka nesa ba kusa ba. Saboda haka kafin a taɓa abincin saniya, a fara gano wane tsami ake fama da shi.

Mataki na farko: gwaji a bakin tatsa

Gwaji uku ne, kuma sharaɗinsu ɗaya: kowace saniya a gwada madararta daban, nan take bayan tatsa, kafin a haɗa da ta sauran. Madarar da aka riga aka gauraya ba ta faɗa muku wace saniya ce ke da matsala.

Gwajin wuta shi ne mafi sauƙi. A zuba madara a babban cokalin ƙarfe, a ɗora a kan garwashi har ta tafasa. Idan ta zauna sumul, ta wuce. Idan ta yi gudaji, akwai magana.

Gwajin alkol ya fi shi saurin kama matsala. A sayi alkol mai digiri 70 a kantin magani, da sirinji biyu marasa allura. A ɗebi madara mililita 2 a zuba a ƙaramin kofin gilashi mai tsabta, a ƙara alkol mililita 2, a juya a hankali, a karkata kofin a duba jikinsa. Madara mai kyau tana gangarowa ba tare da barin komai ba. Wadda ke da matsala tana barin ƴan ƙananan gudaji a jikin gilashi. A zubar da abin da aka gwada. A riƙa rufe kwalbar alkol ɗin da kyau, domin in ya sha iska ƙarfinsa yana raguwa, sai ya riƙa wuce madarar da bai kamata ta wuce ba. Kada kuma a yi amfani da mai digiri 90, shi kusan kowace madara tsinka ta yake yi.

Gwajin Dornik shi ke ba da lamba. Ana buƙatar ruwan soda na Dornik da ruwan fenoftalin, waɗanda masu harhaɗa yawut da ma'aikatan kiwo suka sani. A auna madara mililita 10 daidai, a ɗiga fenoftalin ɗigo biyu ko uku, sannan a riƙa ɗiga ruwan sodar da ƙaramin sirinji mai layuka, ana juyawa, har madarar ta koma ruwan hoda mai haske wanda bai ɓace ba bayan daƙiƙa goma. A duba yawan sodar da ta tafi, a ninka sau goma: mililita 1.6 shi ne digiri 16. Kuskuren da aka fi yi shi ne ci gaba da ɗigawa har launin ya yi jawur, wanda ke ƙara digiri biyu ko uku na ƙarya. Ruwan sodar yana cin fata da ido, a ajiye shi inda yara ba sa kaiwa.

A ajiye sauran madarar kowace saniya a yadda aka saba ajiyewa, a sake gwadawa bayan awa uku.

Yadda za a karanta abin da aka gani

Idan madara ta wuce gwaji a bakin tatsa, ta faɗi bayan awa uku, abinci ba shi da laifi kai tsaye. A koma kan ƙwarya, bidon, hannun mai tatsa, tsumman tacewa da tsawon hanya. Bidon ɗin mai na roba mai ƙaramin baki, wanda hannu ba ya shiga a wanke cikinsa, shi kaɗai ya isa ya tsamar da madarar garke guda.

Idan saniya ta haihu cikin mako guda, dakashi ne. Tsamin asalinsa yana da yawa, yana iya ninka na madara, kuma yana tsinkewa a wuta ko da yanzu aka tatso shi. Na maraƙi ne, kada a haɗa shi da ta sayarwa sai bayan kwana bakwai.

Idan Dornik ya nuna ƙasa da 14, madarar ta yi ruwa-ruwa, ana jin gishiri-gishiri a harshe, a duba hantsa. Ciwon hantsa yana sa sinadaran jini su kwararo cikin madara, tsaminta ya faɗi, pH ya haura 6.8. A tatsi kowane kan nono daban a kan baƙin faranti a nemi gudaji ko zare-zare, a taɓa a ji ko wani ɓangare ya yi zafi ko tauri. Wannan aikin likitan dabbobi ne. Saniyar da ta daɗe ana tatsarta, wata takwas ko fiye, ita ma madararta takan yi haka ba tare da ciwo ba.

Sai na ƙarshe, wanda shi ne ainihin maganarmu: madara sabuwa fil, hantsa lafiya, Dornik tsakanin 14 da 18 ko ma ƙasa kaɗan, amma ta faɗi gwajin alkol. Wannan madara ba ta yi tsami ba, rauni ne da ita. Masu bincike a Kuba da Barazil sun daɗe suna nazarin irinta, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne tana yawaita a lokacin ƙarancin abinci, da tsananin zafi, da kuma lokacin da cikin saniya ya yi tsami. Abubuwa ukun nan duk muna da su a bazara.

Idan tumbi ya yi tsami

Tumbin saniya kamar randar da ake tsima gasara yake: abin da aka zuba a ciki ƙwayoyin halitta ne ke sarrafa shi, kuma tsami yana fitowa daga aikinsu. A lafiyayyar saniya pH na tumbi yana tsakanin 6 da 7. Abin da ke riƙe shi a nan yawu ne. Babbar saniya tana haɗiye yawun da ya haura lita 100 a yini, kuma yawun yana ɗauke da sinadari irin na kanwa mai kashe tsami. Yawu kuwa a wurin tuƙa yake zuba. Kara da ciyawa da harawa, masu kaushi da tsawo, su ke sa tuƙa. Dusa da gari da tsaba ba sa buƙatar tuƙa, suna narkewa da sauri, su saki tsami mai yawa a lokaci guda ba tare da yawun da zai tare shi ba. Idan pH ya sauka ƙasa da 5.8 ya daɗe a nan awanni kowace rana, ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa sun fara mutuwa.

Masu kiwon cikin gari su suka fi faɗawa wannan rami, domin kara yana da tsada da wuyar ɗauka, dusa kuwa tana zuwa a buhu. Ga kuma abin da ake tarawa daga gidaje: ƙanzo, sauran tuwo, busasshen burodi, shinkafar da ta rage bayan biki ko suna. Duk waɗannan gari ne. Dusar gero ta surfen gida ma ta fi dusar alkama ta buhu haɗari, saboda tana ɗauke da tsaki da gari da yawa. Ƙasari shi kansa ba tsaminsa ne matsala ba, garin da ya kwanta a ƙasan bokitin ne, in an ba da shi da yawa ga saniyar da cikinta ba komai.

Alamomin ba sa ɓuya ga mai lura. Saniya ta ci sosai yau, gobe ta ƙi. Kashinta ya yi ruwa, da kumfa, da wari mai tsami, wani lokaci da guntayen abincin da bai narke ba. Tuƙa ta ragu. A je wurin garke da tsakar rana lokacin da suke kwance: cikin shanu goma ya kamata a samu biyar ko shida suna tuƙa. A zaɓi ɗaya a ƙirga taunar da take yi wa loma guda kafin ta haɗiye. Hamsin zuwa sittin daidai ne, ƙasa da arba'in alama ce ta ƙarancin abinci mai kaushi. Mai kaɗa nono ita ce takan fara ganewa, domin man shanun da ke fitowa daga ƙwarya guda yana raguwa ƙwarai. Bayan makonni sai ɗingishi ya biyo baya, kofato ya yi zafi.

Gyaran yana tafiya haka. A rage dusa da duk wani gari da rabi na kwana uku ko huɗu, a cika gaban saniya da kara da harawa. Kowace safiya a fara ba da mai kaushi, a bar ta ta ci na kusan awa guda, sannan dusa ta biyo. Dusar yini a raba ta biyu ko uku, kada saniyar gida ta ci fiye da kilo ɗaya da rabi a zama guda. In za a mayar da abin da aka rage, a ƙara giram 250 duk bayan kwana biyu ko uku, ana duba kashi. Ƙwayoyin tumbi suna buƙatar mako biyu zuwa uku kafin su saba da sabon abinci, kuma wannan ƙa'ida ta shafi ko da canza dusar gero zuwa ta alkama ne.

Injin niƙa kara ya yaɗu, kuma yana da amfani, don yana rage abin da shanu ke tattakewa su bari. Amma in an mai da kara gari, an kashe amfaninsa na sa tuƙa. A sa rariya mai manyan huji, ko a sassara da adda, guntaye su zama tsawon santimita 3 zuwa 5, kamar gaɓa biyu na yatsa.

Daban yake da saniyar da ta fasa rumbu ko ta samu buhun hatsi a buɗe ta ci ta ƙoshi. Wannan gaggawa ce, tana iya mutuwa cikin kwana ɗaya zuwa uku. A hana ta shan ruwa mai yawa a lokaci guda, a ba ta busasshiyar ciyawa kaɗai, a kira likitan dabbobi tun kafin ta kwanta. Kada a yi wa saniyar da ta riga ta kwanta ɗure, ruwan yana iya shiga huhu.

Idan yunwa ce

Wannan ta fi yawa a ƙauyuka da wajen makiyaya, daga Maris har ciyawa ta tsaya da ƙafarta. Karan gero da ya shekara rabi a rana furotin ɗinsa bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ba, ƙwayoyin tumbi kuwa suna buƙatar kusan kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Saniya tana cika ciki amma ba ta ƙoshi, tana narkar da jikinta don ta ciyar da maraƙi. Furotin ɗin madara yana raguwa, tsamin asali yakan sauka, madarar kuma ta zama mai saurin tsinkewa a alkol. Masu yin cuku suna ganin haka da idonsu: madarar bazara tana jinkirin kamawa, abin da ke fitowa kuma kaɗan ne. Kindirmonta ma ba ya yin kauri, ruwa yana tasowa a kai.

Ga kuma fosfor. Ƙasarmu ta yashi tana da ƙarancinsa, ciyawar da ta tsiro a kai haka, kuma kowace lita ta madara tana fita da kusan giram ɗaya na fosfor da giram 1.2 na kalsiyom daga jikin saniya. Saniyar da ke tauna ƙashi, ko tsumma, ko leda, ko lasar ƙasa, tana faɗa muku abin da ta rasa. Taunar ƙashin mushe kuma tana jawo cutar shanyewar jiki mai kisa. A nan dusa magani ce, domin tana da fosfor sosai, haka ma anguriya da tunkuza. Abin da dusa ta rasa shi ne kalsiyom, shi kuma yana cikin harawar wake da ta gyaɗa. Shi ya sa dusa da harawa suke tafiya tare, ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

Abincin yini guda

A ɗauki saniyar Azawak mai nauyin kilo 300 da ke ba da lita 6 a yini, a rani, a ɗaure. Tana buƙatar busasshen abinci kilo 8 zuwa 9. Ana iya haɗa shi haka: sassararren karan dawa ko na gero kilo 4, harawa kilo 2, dusa kilo ɗaya da rabi zuwa 2, anguriya ko tunkuza kilo ɗaya. A nan mai kaushi ya kai kashi biyu cikin uku, kuma kada a bari ya sauka ƙasa da kashi 60 cikin ɗari ko da madara ta ƙaru. Ga kowace lita biyu zuwa biyu da rabi da ta ƙaru, a ƙara kilo ɗaya na haɗin dusa da tunkuza, sannu a hankali kamar yadda aka faɗa. Karan dawa ya fi na gero, shanu sun fi cinye shi. Tiyar dusa ba nauyinta ɗaya da tiyar gero ba, ta fi sauƙi ƙwarai, don haka a ɗora tiyarku a ma'auni sau ɗaya a san kilo nawa take ɗauka.

Mutanen Magarya, Matamai da Mirya suna da abin da wasu ba su da shi: gawo a gonaki, wanda ke zubar da ƴaƴansa a tsakiyar rani, daidai lokacin da ake nema. Ƴaƴan gawo kilo ɗaya, a daddaka su don ƙwayar ta fashe, suna iya maye wani ɓangare na dusa. In ba a daka ba, ƙwayar da ta fi furotin tana fita a kashi yadda ta shiga. A kwarin Korama kuma akwai ganyen rake lokacin sara, yana da kaushi mai kyau amma furotin kaɗan, sai an haɗa da harawa.

Tunkuza ko harawar da ta yi fumfuna a zubar. Gubar fumfunar gyaɗa tana ratsawa cikin madara, tafasawa ba ta kashe ta, kuma yara ne suka fi shan madarar.

Kanwa, gishiri, ruwa

Makiyayanmu sun daɗe suna ba shanu kanwa, kuma suna da hujja: kanwar da ake haƙowa a kwaruruwan Manga, wajen Gure da Maine, tana ɗauke da sinadarin da ke kashe tsamin tumbi, irin wanda ke cikin yawu. Matsalarta ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule. Hanya mafi aminci ita ce a ajiye ta a gefe saniya ta lasa da kanta, daban da gishiri. Wanda ke son abin da zai auna ya sayi bikarbonat, farin gari mai kashe tsami irin na kanwa, ya gauraya giram 50 zuwa 80 a dusar yini ga saniyar gida mai cin dusa da yawa. Saniyar da kara kaɗai take ci ba ta buƙatarsa, tumbinta ba shi da tsamin da za a kashe, abinci take nema. Kanwa kuma ba ta da fosfor ɗin kirki, kantun Bilma ma gishiri ne, don haka saniyar da ke taunar ƙashi sai an nemo mata dutsen lasa mai fosfor daga masu sayar da magungunan dabbobi. Gishiri giram 30 zuwa 50 a yini ya isa.

Kanwar ta saniya ce, ba ta ƙwarya ba. Masu jefa ta cikin madara don ta wuce gwaji suna ɓoye tsami ne kawai, ƙwayoyin suna nan suna ƙaruwa, kuma mai saye zai ba ɗansa madarar da ta lalace yana zaton sabuwa ce. Ha'inci ne, kuma yana cutarwa.

Madara kashi 87 cikin ɗari ruwa ce. Saniya mai tatsa a bazara tana shan lita 40 zuwa 60, wani lokaci fiye. Shayarwa sau ɗaya a yini ba ta isa ba, a yi sau biyu ko uku, a inuwa. Zafi kansa yana taɓa tumbi: saniyar da ke haki tana zubar da yawunta ƙasa maimakon ta haɗiye, tana rage tuƙa, tana ƙin kara tana zaɓar dusa. Saboda haka a Afrilu da Mayu a yi rumfa, a mayar da babban ciyarwa zuwa asuba da bayan la'asar, a bar kara a gabanta da dare.

Farkon damina

Ruwan farko yana ruɓar da sauran busasshiyar ciyawa, sabuwa kuma ba ta kai a cika baki ba. Da ta ɗan tasa, ruwa ce zalla, ba kaushi. Shanu suna zawo, maiƙon madara yana faɗuwa, hantsa da wutsiya suna ɓaci da kashi, kuma madarar wannan lokaci tana saurin tsami saboda dauɗar da ke faɗawa cikin ƙwarya. A ɓoye kara ko harawa tun kaka don makonni ukun farkon damina. Kowace safiya a ba saniya kilo ɗaya ko biyu na busasshe kafin ta fita kiwo, kada a yanke dusa rana ɗaya don an ga kore. A ɗaure wutsiya lokacin tatsa, a wanke kan nono a goge da tsumma mai tsabta ya bushe.

Lokacin ciyarwa da lokacin tatsa

Kada a zazzage harawa ko kara ana cikin tatsa, ƙurarsu tana ɗauke da ƙwayoyin da ke sauka cikin madara. In saniya ba ta tsayawa sai da abinci, a ba ta ƴar jiƙaƙƙiyar dusa, wadda aka jiƙa a lokacin, ba wadda ta kwana ba. Babban abinci ya zo bayan tatsa. Wannan yana da amfani na biyu: ƙofar kan nono tana zama a buɗe na rabin awa ko fiye bayan tatsa, saniyar da ke tsaye tana ci ba za ta kwanta a kan kashi ba sai ta rufe. Ganyen albasa da na shu, wato kabeji, daga lambu suna sa madara wari, wanda mai saye kan ɗauka tsami ne. Su ma a ba da su bayan tatsa, kaɗan.

Akwai kuma madarar da ke ƙin yin tsami sam, a zuba mata iri ta kwana tana nan ruwa. A tambaya ko an yi wa saniyar allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan. Maganin yana fita a madara yana kashe irin kindirmo, kuma bai kamata mutum ya sha ta ba sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.

Bayan an gyara abinci, a riƙa maimaita gwajin alkol ga saniyar duk bayan kwana uku ana rubutawa a littafi tare da abin da ta ci. Kashi da tuƙa su ke fara daidaituwa, cikin mako guda. Madarar takan biyo baya cikin mako biyu zuwa uku. Wadda har yanzu take faɗuwa bayan haka, a sa likitan dabbobi ya duba hantsarta da gwajin da ke kama ciwon da bai fito fili ba. In kuma tana da ciki wata bakwai, a daina tatsarta, tana buƙatar hutun kwana 60 kafin haihuwa.